Kututture a Tsakar Gida: A Tumɓuke Ko A Bari?

 Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan fitowa za mu tattauna a kan wani abu da ido ke rainawa, alhali yakan shiga tsakanin maƙwabta, ya ɓata rijiya, wani lokaci ma ya jawo gobara. Wannan abu shi ne kututturen da ke saura a tsakar gida ko a lambu bayan an sare itace.

A gidanmu na Zongo akwai wani dogonyaro da ya girme mu duka. A inuwarsa muka yi karatun allo, a nan kuma mahaifinmu ke zama da almajiransa bayan la'asar. Da shekaru suka ja, saiwoyinsa suka ɗaga daɓen tsakar gida, suka tsaga katangar da ke tsakaninmu da maƙwabcinmu. Maƙwabcin mutum ne mai kunya, bai taɓa kawo ƙara ba, amma kowace damina tsagar sai ta ƙara buɗewa. Mahaifinmu ya ce ba za mu sha inuwa ba alhali wani yana kwana da fargabar bango. Aka kira masu zarto mai inji, kafin azahar itacen ya kwanta, suka yanke shi dab da ƙasa, aka raba rassan ga gidajen layinmu.

Mun ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ruwan watan Afrilu na sauka, sai ga tsiro ya kewaye kututturen, wani ma ya ɓullo a gindin katangar da aka yi gyaran dominta. Samarin gida suka kawo shawara iri-iri: wannan ya ce a zuba masa kpayo a cinna wuta, wancan ya ce a huda shi a ɗura gishiri da baƙin mai. Mahaifinmu bai yarda da ko ɗaya ba. Ya aika aka kira wani dattijo mutumin ƙasar Maraɗi da ya daɗe yana aikin lambu a nan Kwatano. Dattijon ya tsuguna, ya kankare ɓawon da bakin adda, ya dubi ɗanyen da ke ciki, sa'an nan ya ce: "Allah gafarta Malam, wanga icce bai mutu ba, kansa kawai kuka cire. Da a gona yake da na ce dukiya ce. Amma nan jikin bango, sai dai a fid da shi."

Wannan magana ta dattijo ita ce ginshiƙin abin da muke son faɗa. Kafin a ɗauki gatari, a fara sanin kututturen rayayye ne ko matacce, a kuma dubi inda yake zaune.

Rayayye ne ko matacce?

Itace yana dafa abincinsa a ganye, amma yana ajiye guzurinsa a saiwa. Idan aka sare gangar jiki, saiwoyin suna nan da ransu da ajiyarsu, kuma a jikin kututturen akwai idanu masu barci a ƙarƙashin ɓawo, waɗanda kan farka da zarar sun sami ruwa da haske. Shi ya sa tsiron kututture ya fi sabon dashe saurin girma nesa ba kusa ba, domin shi ya gaji tsohuwar saiwa da ta riga ta kai ga ruwa.

Gane mai rai ba wuya. A kankare ɓawo kaɗan kusa da ƙasa. In an ga kore ko danshi, yana raye. In kuwa ɓawon yana ɓantarewa da kansa, cikin ya bushe, ko naman kaza ya fara fitowa a jikinsa, to ya mutu. Itatuwa kuma ba halinsu ɗaya ba. Dogonyaro, mangwaro, gwaba, cediya, zogale da itacen turare duk suna sake tohowa. Kwakwa da kwakwar manja ba sa tohowa, domin rayuwarsu tana a kai ne, in an sare kai an gama. Sai dai matacciyar kwakwa tana da nata sharrin: idan ta fara ruɓewa takan zama gidan wani baƙin buzuzu mai ƙaho, wanda ke hayayyafa a ciki, ya tashi ya huda kan kwakwar da ke raye. Saboda haka mai lambun kwakwa a bakin teku bai kamata ya bar irin wannan kututture ba.

Darasin Maraɗi

Dukiyar da dattijo ya ambata tana da tarihi, kuma da yawa daga cikinmu 'yan Zongo da ke da dangi a Nijar mun gan ta da idonmu. Bayan farin shekarun 1970, gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa, amma mafi yawansu rana da iska da dabbobi suka kashe su. A shekarar 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara tsiron tsofaffin kututture ne, waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ake buƙata kaɗan ne: a zaɓi kututture, a bar masa rassa mafi ƙarfi, daga 1 zuwa 5, a datse sauran, a kuma tsare shi daga wuta da dabbobi.

Kakanninmu sun san wannan dabara tun da, amma an yi watsi da ita a lokacin da ake ganin gona mai tsabta ita ce wadda ba itace a ciki. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa aikin da rabon abinci, sa'an nan manoma da kansu suka ci gaba da koya wa juna, suka raɗa masa suna sassaben zamani. Gawo, kalgo, sabara, magarya da aduwa suka dawo gonaki. Binciken da aka yi da hotunan sama a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. A shekarar 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da manomin nan na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo.

Ba sai mun je arewa ba ma. Duk wanda ya bi hanyar Allada ya ga gonakin itacen tek na ƙananan manoma a yankunan Zè, Toffo da Tori-Bossito. Suna sare sandunan bayan 'yan shekaru su sayar wa magina, su bar kututturen ya sake tohowa, ba tare da sabon dashe ba. Don haka 'yan'uwanmu da suka sayi filaye a Abomey-Calavi da gaba da ita, kada su yi gaggawar share komai. Kututturen da ke kan iyaka ko a kusurwar lambu, nesa da inda za a yi gini, a bar shi a gyara masa tsiro. Tsohon mangwaro da ba ya 'ya'ya masu daɗi, in aka sare shi ya toho, ana iya yi wa sabon tsiron aure da iri mai kyau, ya ba da 'ya'ya kafin sabon dashe ya kai ko'ina.

Inda cirewa ta zama dole

A cikin Zongo kuwa lamarin ya bambanta. Birninmu yana kan yashi ne tsakanin teku da tafkin Nokoué, gidaje sun haɗa bango, kuma kowane gida an cika shi da ɗakuna har tsakar gida ta koma lungu. A irin wannan wuri, kututturen da ke kusa da harsashin gini, ko rijiya, ko ramin masai, ko bututun ruwa, cirewa ce maganinsa. In yana raye saiwarsa za ta ci gaba da kauri, in ya mutu zai kira gara, ita kuwa gara ba ta tsayawa a kututture, sai ta kai ga ƙyaure da katakon rufi. Ga kuma tuntuɓe ga tsofaffi masu fita sallar asuba da yara masu guje-guje.

Addini bai hana sare itace ba idan akwai buƙata. Ya tabbata a hadisin Anas (RA) cewa filin da aka gina masallacin Madina yana da itatuwan dabino, aka sare su, aka jera gungumen ta wajen alƙibla. An sare don dalili, kuma ba a zubar da itacen ba. Haka nan kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, kuma malaman fiƙihu sun ɗauki gusar da cuta a matsayin babbar ƙa'ida a zaman maƙwabtaka.

Kafin a sa diga a ƙasa akwai haƙƙoƙi uku. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida. Mai gida ya sanar da maƙwabci, su duba bangon tare tun kafin aiki, domin kada tsohuwar tsaga ta zama sabuwar rigima. In kuwa itacen a waje yake, a bakin von ko babban titi, to ba namu ba ne, na jama'a ne. Dokar gandun daji ta ƙasar Benin, mai lamba 93-009 ta ranar 2 ga Yuli 1993, ta ba wasu itatuwa kariya, saboda haka a tuntuɓi shugaban unguwa ko ma'aikatan gandun daji tukuna. A kuma binciki inda bututun SONEB da wayar SBEE suka bi, domin diga ba ta da ido.

Yadda ake tumɓukewa

Kuskurenmu na farko shi ne yanke itacen dab da ƙasa. Wanda ya san zai tumɓuke, ya ce wa masu sara su bar masa gangar jiki kamar tsayin mita 1 ko fiye. Wannan shi ne abin riƙo, da shi ake jijjiga kututturen, kuma yana rage wahala sosai.

Lokacin aiki ya danganta da irin ƙasa. Yashin Kwatano yana da sauƙin haƙa, amma a tsakiyar babbar damina, watau Mayu da Yuni, rami kan cika da ruwa kuma gefensa ya rufta. Ya fi kyau a jira tsagaitawar ruwa ta watan Agusta, ko kuma rani daga Disamba. Jar ƙasar Calavi da Allada kuwa da rani kamar dutse take, ita a bayan ruwa ake haƙa ta.

Kayan aiki su ne diga, shebur, adda, gatari, doguwar sandar ƙarfe, bokitin ruwa da takalmi mai rufe ƙafa. A zana da'ira kewaye da kututturen, mai faɗi kamar ninki biyu ko uku na kaurinsa, a fara haƙa daga waje ana matsowa ciki, ana tara ƙasar a gefe guda. Duk saiwar da ta bayyana, a wanke mata yashi da ruwa kafin a sare ta, domin yashi yana dakushe gatari kuma yana cinye haƙoran zarto. A sare kowace saiwa a wuri biyu, a fitar da guntun tsakiya, don a sami hanyar isa ga ta ƙasa da ita. Idan an gama da na gefe, mutum biyu su jijjiga kututturen. Inda ya ƙi motsi, can akwai sauran saiwa. A ƙarshe a haƙa ta ƙarƙashi a gefe ɗaya, a karkatar da shi, a sare uwar saiwa, sa'an nan a sa sandar ƙarfe a kan bulo a banƙare shi. Ga babban kututture, jak na mota da aka ɗora a kan katako mai kauri yana taimakawa. Kwakwa ba ta da uwar saiwa, nata sirara ne masu ɗimbin yawa, sai a bi su da adda ana kewayawa har ta saki.

Saiwar da ta shige ƙarƙashin bango, a yanke ta a nan gefe a ƙyale sauran. Wanda ya ja ta, ƙasar harsashi yake ja. Za ta ruɓe a hankali, in ƙasa ta lotsa daga baya sai a cike. Kada kuma a ɗaura igiya ko sarƙa a jikin mota a ce za a fizge kututture, domin idan ta tsinke takan dawo da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Yara su yi nisa da wurin tun daga farko har ƙarshe.

Rami kada ya kwana a buɗe. A tsince guntayen itace, a mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana dannewa ana yayyafa ruwa, a bar ɗan tudu a sama saboda za ta zauna. Ramin da aka bari tarko ne ga yaro, in ruwa ya taru kuma gidan sauro ne. Leburan da suka yi aikin a yi ciniki da su tun farko, a biya su da zarar sun gama, kamar yadda sunna ta koyar game da gaggauta haƙƙin ɗan ƙwadago.

Abubuwa uku da za a guje wa

Na farko wuta. Ɗanyen kututture ba ya ci, sai hayaƙi, busasshe kuwa wuta kan bi saiwarsa ta ƙarƙashin ƙasa tana ci a ɓoye har kwanaki. A unguwar da rumfunan katako, shagunan yadi da kwalaben fetur ke maƙwabtaka da ɗakunan kwana, wannan ganganci ne. Ba mu manta da gobarar kasuwar Dantokpa ta ƙarshen Oktoba 2015 ba, ko ta rumbun kpayo a Sèmè-Kraké ranar 23 ga Satumba 2023, wadda ta ci rayuka sama da 30. Mun san abin da wuta da fetur ke yi in sun haɗu.

Na biyu baƙin mai, gishiri da ruwan batir. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a Kwatano yana kusa ƙwarai, mita kaɗan ne, kuma yashi ba ya tare komai. Abin da aka ɗura wa kututture yau, rijiya zai nufa, tamu ko ta maƙwabci, wadda ake alwala da wanke-wanke da ita. Gishiri kuma yana kashe ƙasar, ta daɗe ba ta karɓi shuka ba.

Na uku maganin kashe ciyawa da ake sayarwa a kwalabe marasa takarda. Wanda bai san abin da ke ciki ba, kada ya kawo shi gidan da ke da yara da kaji da rijiya.

Hanyar mai haƙuri

Wanda kututturensa ke nesa da gini, ba ya son tsiro kuma ba ya da ƙarfin haƙa, yana da hanya ta biyu. A yanke shi ƙasa-ƙasa, a yi masa huda masu zurfi ko a sassara samansa da gatari, a cika da takin dabbobi, a rufe da ƙasa da tsohon buhu, a riƙa ba shi ruwa. Duk tsiron da ya fito a cire shi tun yana ƙarami. Saiwar da aka hana ganye tana cin ajiyarta ne har ta ƙare, daga nan ta mutu ta fara ruɓewa. Aikin kan ɗauki shekara ɗaya ko biyu, mai taurin itace ma fiye da haka, amma a ƙarshe wurin kan zama ƙasa mai kyau ga shuka. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ya tumɓuke, ya dasa

Namu kututturen ya ci wa dattijo da samari biyu yini biyu cur. Da ya fito, wani mahauci na layinmu ya roƙi gindin don saran nama, sauran saiwoyin kuma suka dafa abincin wani suna. Mai lafiyayyen gungume yana iya ba masassaƙi ya fitar masa da turmi ko kujera.

Amma abin da bai dawo ba shi ne inuwa. A watan Maris na shekarar da ta biyo, almajirai suka koma zaure saboda zafin daɓe, muka gane girman ni'imar da muka yi shekaru muna ciki ba mu lura ba. Haka lamarin yake a unguwa baki ɗaya. Kowane sabon ɗaki yana cin itace guda, kuma manyan ayyukan shimfiɗa tituna da aka fara a 2018, duk da amfaninsu, sun tafi da tsofaffin itatuwa da dama na bakin hanya. Idan kowa ya tumɓuke bai dasa ba, 'ya'yanmu za su gaji siminti da kwano kawai.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen musulmi, sadaka ce gare shi. Ya kuma zo a hadisin Jabir (RA) cewa kututturen dabinon da Annabi (SAW) ke jingina da shi yana huɗuba ya yi kuka a ranar da aka koma kan mumbari, har sai da Annabi ya sauko ya rarrashe shi. Al'ummar da ke karanta wannan bai kamata ta zama mai wulaƙanta itace ba.

Abin lura shi ne a dasa abin da ya dace da wurin. A ƙaramar tsakar gida, zogale, gwanda, lemon tsami ko gwaba sun isa, su ma a nisanta su da bango da rijiya. Manya irin su mangwaro, dogonyaro, maɗaci da cediya, wurinsu filin masallaci, makaranta, maƙabarta ko gona, inda saiwa za ta miƙe ba ta cuci kowa ba. Kada a dasa a cikin tsohon ramin kai tsaye, a ɗan matsa gefe, ko a jira ƙasar ta zauna. Tun 1985 ƙasarmu ke bikin ranar itace a kowace 1 ga Yuni, daidai lokacin da ruwa ya kankama. Muna ba limamanmu, malaman makarantun Islamiyya da iyayenmu mata shawara su riƙi wannan rana, kowane gida da ya sare itace a shekarar ya biya bashinsa da dashe, ko da a filin wani masallaci ne, a kuma sa yaro guda ya riƙa ba shi ruwa.

A inda dogonyaron gidanmu yake, taku uku daga tsohon ramin, mahaifinmu ya dasa lemon tsami da hannunsa, kuma 'ya'yansa na farko gidan maƙwabcinmu aka kai.

Allah Ya sa mu zama masu kawar da cuta daga maƙwabtanmu, Ya sanya albarka a gidajenmu da shukokinmu, Ya kuma sa mu a inuwarsa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Amin.